Waƙoƙin Alhaji Umaru da karatun yaran yanzu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Kullum a majalisarmu ta Aboabo dattawa na cewa rubutun 'yan zamani shirme ne, sai na da. Ni dai ban yarda duka ba. Alhaji Umaru, malamin nan marubucin waƙoƙi, wanda ya bar Salaga ta ƙasar Ghana bayan yaƙin basasar garin na 1892, ya rasu a Kete Karachi a 1934, da ya yi waƙa kan talauci da zuwan Nasara, ai halin zamaninsa yake faɗa. Labaran da ɗiyata ke karantawa a waya ma haka suke: aure, kishi, bashi. Wasu kam sakarci ne, ban musa ba.

Abin da ke damuna, rubuce-rubucen Malam na ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon, yaranmu kuwa ajami na ba su wuya. A juya musu zuwa boko tukuna.

Naku,
Wani malamin makaranta, Kumasi