Wasiƙar godiya ga ofishin ƙungiyar masu kallon tsuntsaye

Zuwa ga shugaba, sakatare da jagororin fita,

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a, domin hidimar da kuka yi wa sababbin shiga irinmu tun daga ƙarshen hunturu ta wuce a ce "mun gode" a wurin rabuwa kawai a watse.

Tun daga ofis aka fara kyautata mana. Wanda ba shi da madubin hangen nesa an ara masa, an kuma zauna an nuna masa yadda zai daidaita shi da idonsa. A nan na san abin da 8x42 da ke jikinsa yake nufi: yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashinsa kuma milimita 42 ne, shi ya sa yake tara isasshen haske da asuba.

Zaɓen watan Maris da kuka yi wa sababbi hikima ce. Itatuwa ba su gama fitar da ganye ba, tsuntsu ba shi da wurin ɓuya, mazan kuma suna ta kuka tun kafin fitowar rana don kare yankinsu da neman mata. Jagoranmu ya hana mu gaggawar ɗaga madubi. Sai mun tsaya mun saurara, mun gane inda kukan yake fitowa, sannan mu duba. Allah ya ba shi haƙuri. Tambaya ɗaya sai a yi masa ita sau da yawa, bai taɓa ɓata fuska ba.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne bayaninsa kan masu ƙaura da ke dawowa a wannan lokaci. Tsattsewar da ke shawagi a kan ruwa nauyinta bai wuce kimanin giram 20 ba, amma wadda ke zuwa Turai ta ƙetaro Sahara kafin ta iso. Farar shamuwa kuwa ba ta son ratsa tsakiyar Bahar Rum, saboda iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ce ke ɗaga ta, kuma ba a samun irinta a kan teku, don haka sai ta bi ta mashigin Jibralta, tsakanin Maroko da Sifen, ko ta mashigin Bosforus da ke Turkiyya. Ya ba mu labarin shamuwar da aka samu a arewacin Jamus a 1822 da mashin Afirka a wuyanta, wadda ta zama hujja cewa tsuntsaye tafiya suke yi da hunturu, ba ɓuya ba. Tun daga ranar nake ganin girman kowane ɗan tsuntsu da ya sauka a gabana.

Dole in yaba muku kan doka ɗaya da ba ku sassauta wa kowa: ba a kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, ba a kuma matsawa kusa da sheƙa. Namijin da ya ji wannan kuka zai ɗauka abokin hamayya ne ya shigo masa, ya ɓata ƙarfin da yake buƙata don kiwo da gina sheƙa. Wasu na ganin tsanani ne. Ni dai ina tare da ku.

Na kuma ji daɗin yadda ake rubuta duk abin da aka gani a shigar da shi eBird, rumbun bayanan tsuntsaye na intanet da Jami'ar Cornell da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon, duka a Amurka, suka buɗe a 2002, inda masu bincike ke bin sawun ƙaura.

Roƙona ɗaya: ku ware wata fita ta musamman a Afrilu don yara da iyayensu, kafin ganye ya rufe itatuwa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ƙungiya albarka.

Naku,
Ɗaya daga cikin sababbin mambobi