Ra'ayin ma'aikaci a kan shugabansa ba gulma ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, na kasa haɗiye maganar da baƙonku ya yi a shirin ranar Lahadi, da ya ce yadda ma'aikata suke kallon shugabansu bai shafi ingancin wurin aiki ba muddin albashi yana shiga a kan lokaci. Har gulmar ofis ya kira shi, kuma mai gabatarwa bai tanka masa ba.

Shekara 11 na yi ina kula da sito a wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Jihar Kebbi, a ƙarƙashin shugabanni biyu. Na farkon yakan sauko da kansa har inda ake sauke shanshera, ya san sunan lebura, kuma idan ka gaya masa inji yana wata ƙara da ba ka yarda da ita ba, sai ya yi maka godiya ya sa a duba. Saboda mun yarda da shi, ba ma ɓoye masa komai. Duk wanda ya san harkar ya san cewa shansherar da laimarta ta wuce kashi 14 cikin 100 ba ta ajiyuwa, don haka da mun ga mota ta kawo ɗanya muke faɗa, ko da ta wani babba ce.

Na biyun bai rage wa kowa kobo ba. Da aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a watan Yulin 2024, har ƙari muka samu. Amma ƙarin girma ya koma na 'yan uwa da 'yan kanzagi, kuma duk wanda ya kai rahoton matsala takardar tuhuma yake samu. Sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Da idona na ga buhuna suna fumfuna a sito, na ga injiniyoyin da suka fi kowa sanin injinan sun ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi ni ma na daina faɗa, abin da har yau yake damuna. Gini ɗaya ne, injina ɗaya, albashin ma ya fi na da, to me ya canza in ba yardar da muke yi wa na sama ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ma'aikaci ne yake kwana a ɗakin, ba baƙonku ba.

Ina roƙon ku sake shirin, ku gayyato masinja, direba ko malamar asibiti su faɗi nasu. Sannan ku duba layin wayarku, domin sau shida na kira a ranar ba a ɗauka ba, alhali kuna ta cewa a bugo.

Naku,
Mai sauraronku daga Birnin Kebbi