Wasiƙar godiya ga cibiyar da ta horar da mu har muka samu shaidar A-CSPO

Zuwa ga mai girma shugaban cibiya da ɗaukacin ma'aikatansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin kyautatawar da na gani a wurinku ta wuce wadda mutum zai yi godiyarta ta waya ya kashe, kuma akwai abokan sana'a da dama da ke neman irin abin da na nema ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Ina aiki ne a wani kamfanin hada-hadar kuɗi ta wayar salula a Kano, kuma akalar manhajarmu tana hannuna: ni ke tsara jerin ayyukan da ke jira, ni ke yanke abin da injiniyoyi za su fara da abin da za a jinkirta, ni kuma ake tuhuma idan aka ɓata zango guda a kan abin da masu amfani da manhajar ba su buƙata. A Scrum, wato tsarin gudanar da aikin gina manhaja zango-zango, ana kiran mai wannan aiki Product Owner. Na riga na mallaki shaidar farko ta wannan aiki daga ƙungiyar Scrum Alliance da ke Amurka, wato CSPO, sai nake neman mataki na gaba, A-CSPO, wanda ba a ba wa mutum sai ya nuna ya yi aƙalla wata 12 yana wannan aiki cikin shekara biyar da suka gabata, sannan ya zauna a ajin malamin da ƙungiyar ta amince da shi.

Sharuɗɗan ba su ba ni tsoro ba, hanyar isa ajin ce ta gajiyar da ni. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 cikin shekarar da ta biyo baya, ga shi kuwa a lokacin katunan naira na yawancin bankuna ba sa biyan kuɗi a ƙasashen waje. Azuzuwan da ake yi ta intanet daga yammacin Amurka kuma suna farawa ne da yammacinmu su kai tsakar dare, lokacin da mai iyali, wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki, ba zai iya tattara hankalinsa ba. Da na juyo gida sai na ci karo da abin da ya fi wannan ciwo. Wata cibiya ta yi mini alkawarin "shaidar da duniya ta sani", amma da na tambayi sunan malamin domin in duba shi a jerin waɗanda aka amince da su, sai amsa ta ɗauke, daga baya na fahimci takardar tasu a ofishinsu suke buga ta. Wata kuma duk tambayar da na aika, lambar asusun banki take maido mini.

Da wannan zuciya na kira ku, ina jiran a sake karanto mini lambar asusu. Malamar da ke kula da rajista, wadda ba zan ambaci sunanta ba saboda ban nemi izininta ba, sai ta fara da tambayata me nake so in yi da shaidar. Da na yi mata bayani, ta ce kafin in biya ko sisi ya kamata in san akwai wata hanya da ba ta bi ta wurinku ba. Ta faɗa mini cewa Scrum.org, wata ƙungiya daban da Ken Schwaber, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Scrum, ya kafa a 2009, tana da tata shaidar ta wannan aiki mai suna PSPO II, ba dole sai mutum ya shiga aji ba, jarrabawa ce ta intanet da ake biyan dala 250, ana buƙatar maki 85 cikin ɗari, kuma idan ka samu ba ta ƙarewa. Ta kuma gargaɗe ni cewa A-CSPO sai an sabunta ta duk shekara biyu, da ƙarin sa'o'in karatu da kuma kuɗin sabuntawa a dala. Ta ce idan takarda kawai nake so a gani a bayanan aikina, waccan ta fi arha, idan kuwa ina son zama da malami da takwarorina a warware matsalolin da nake fama da su a ofis, to ajinku zai amfane ni. Ban taɓa ganin mai sayar da kaya ya nuna wa abokin ciniki rumfar da ta fi tasa sauƙi ba, kuma wannan gaskiyar ce ta sa na biya da natsuwa.

Ba ta tsaya nan ba. A takardar ɗaukata aiki an rubuta mai nazarin harkokin kasuwanci ne, kamar yadda yake ga da yawa daga cikinmu a kamfanonin ƙasar nan, inda sunan muƙami daban aikin da ake yi daban, sai na ji tsoron kada a ƙi ƙirga shekarun da na yi. Ta zauna da ni ta waya bayan an tashi aiki, muka bi ayyukana ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini waɗanda suka shiga cikin sharaɗin da waɗanda ba su shiga ba, ta kuma hana ni ƙara ko wata ɗaya da ban yi ba. Sannan ta karɓi kuɗin da naira, kashi biyu, ta rubuto mini farashin da aka tsayar, kuma da dala ta sake tashi kafin in cika ragowar, ba a ƙara mini ko kwabo ba. Da ta lura rana ɗaya cikin ranakun ajin ta faɗa Juma'a, ita da kanta ta nemi malamin ya tsawaita hutun rana domin mu samu sallah. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya albarkaci zuri'arki.

Karatun kansa ya tafi yadda aka tsara. Abin da ya fi zauna mini shi ne atisayen da muka yi kan yadda ake ce wa mai ruwa da tsaki a'a ba tare da an ɓata ba, domin littafin Jagoran Scrum na 2020 ya faɗa ƙarara cewa mai wannan aiki mutum ɗaya ne ba kwamiti ba, alhali a ofisoshinmu kowane babba yana ganin buƙatarsa ce ta gaggawa, kuma tarbiyyarmu ba ta sabar mana da musa wa na gaba ba. Malamin ya koya mana mu riƙa maida magana kan burin manhajar da hujjar da aka tattaro daga masu amfani da ita, ta yadda hujja ce za ta yi musun ba mu ba.

Abin takaici shi ne irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki. Wuraren horo sun cika manyan biranenmu, kowanne da tallarsa a Facebook da hotunan ɗalibai riƙe da takardu, amma kaɗan ne za su faɗa wa matashi cewa shaidar da zai zuba albashin watanni a kanta tana da wa'adi, ko cewa bai kai matakinta ba tukuna. Ana karɓar kuɗin wanda bai taɓa zama da injiniyoyi ko na mako guda ba a saka shi ajin ƙwararru, ya fito da takardar da za ta kunyata shi a tambaya ta biyu ta ganawar neman aiki, kuma babu wanda zai kai wa ƙara. Kamfanoninmu ma suna da nasu laifin, domin suna sa shaidar cikin sharuɗɗan ƙarin girma, amma idan aka zo biyan kuɗin horon sai su ce ma'aikaci ya ji da kansa.

Ina roƙon mai girma shugaba ya isar da wannan godiya ga malamar a gaban abokan aikinta, kuma idan da hali a duba yiwuwar kawo ajin CSP-PO, mataki na uku da ke buƙatar wata 24 na aiki, domin mu da dama a Kano da Kaduna muna jiransa.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin ɗalibanku, daga Kano.