Wasiƙa daga Tawa zuwa ga ɗiyata a Yamai, kan karatun mastar ta shari'a daga nesa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yaran, ina sanar da ke cewa saƙonki ya iso, kuma na sa ƙaninki ya buga mini takardun makarantu ukun da kika aiko, na karanta su a tsanake. Na gane nufinki: kina son yin mastar ta fannin shari'a ta intanet, ba tare da kin ajiye aikinki ko kin bar ɗakinki ba. Na ƙi ba ki amsa ta salula ne domin maganar tana da rassa, kuma na fi son ki sami abin da za ki koma ki sake dubawa. Na yarda, na kuma sa albarka. Sai dai ina roƙonki kada ki biya ko dala ɗaya kafin ki gama karanta wannan takarda.

Masu ce miki karatun nesa ba karatu ba ne, kada maganarsu ta dame ki. Tun 1858 Jami'ar Landan take ba da digiri ga ɗaliban da ba su zauna a azuzuwanta ba, kuma Nelson Mandela yana tsare ya sami digirinsa na shari'a daga Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989. Hanyar tsohuwa ce, intanet dai ta maye gurbin gidan waya. Ni kaina na taɓa bin ta. Ina sabon akawun kotu na yi rajistar karatun shari'a ta wasiƙa, darussa suna zuwa cikin ambulan bayan makonni, na yi shekara ɗaya da ƴan watanni sannan na bari. Kuɗi bai yanke mini ba, kuma ina gane darussan. Abin da ya faru shi ne babu wanda yake tambayata ina na kwana, sai na riƙa cewa gobe, har ambulan suka taru ban buɗe ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa zan tsananta miki.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar da za ki samu a ƙarshe. A cikin makarantun nan uku, biyu sun cika shafukansu da hotunan ɗalibai masu murmushi, amma ban ga inda suka faɗi a fili wace hukuma ta amince da karatun ba. Ki rubuta wa kowacensu, ki nemi amsa a rubuce: takardar nan digiri ce ta ƙasa, wadda gwamnatin ƙasarsu ta tsaya mata, ko kuwa shaida ce da makarantar take bayarwa da sunan kanta? A tsarin Faransa waɗannan abubuwa biyu ne daban, ko da jami'a ɗaya ce ta ba da su, ko da kuɗinsu ya zo ɗaya. Cikakkiyar mastar shekara biyu ce bayan lisans, wato digirin farko, don haka wanda ya yi miki alkawarinta cikin wata shida ki tambaye shi me ya zubar a hanya. In makarantar ta yankinmu ce, ki duba ko CAMES, majalisar nan mai mazauni a Wagadugu da ke tantance takardun jami'o'in ƙasashenmu, ta amince da wannan karatu da sunansa, domin amincewa da wani fanni na makaranta ba ya nufin an amince da sauran. Daga nan ki taka da ƙafarki zuwa ma'aikatar ilmi mai zurfi da ke Yamai, ki tambayi yadda za a daidaita takardar da tamu. In har kina da niyyar zama lauya wata rana, ki sani ƙa'idar da ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, suka kafa a 2014 tana neman mastar ta shekara ta biyu da aka amince da ita, ko makamanciyarta, kafin a yi maganar jarrabawar shiga aikin da shekarun koyo a hannun wani lauya. Na san wani yaro a nan Tawa da mahaifinsa ya sayar da garka domin irin wannan karatu, ranar da yaron ya kai takardunsa wurin konkur, jarrabawar ɗaukar aiki, aka mayar masa da su a bakin taga. Uban bai sake ɗaga kai a majalisa yadda ya saba ba.

Sai maganar wace shari'a za ki karanta, domin shari'a ba kamar lissafi ba ce da yake ɗaya a ko'ina. Dokokinmu na mu'amala daga na Faransa suka samo asali, amma an daɗe da raba hanya, kuma malamin da ke Faransa dokar ƙasarsa ta yau zai koya miki. Kin kuma sani tun a Jami'ar Abdu Mumuni cewa aure da saki da gado da rikicin gona, galibi bisa al'adar masu ƙara ake yanke su a kotunanmu, alƙali yana zaune da dattawan da suka san al'adar. Wannan babu shi a darasin kowace makarantar waje. Ita kuwa makarantar da ke koyarwa da Ingilishi, tsarin Ingila take bi, wanda shi ne tushen na maƙwabtanmu Najeriya. Yana da amfani ga mai son aiki da ƙungiyoyin duniya ko da ƴan kasuwar da ke ƙetare iyaka ta Ƙonni, amma shi kaɗai ba zai tsayar da ke gaban alƙali a nan ba. Tunda aikinki na kwangiloli ne da bin bashi, ni a ganina ki ɗauki shari'ar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwancin wasu ƙasashen Afirka suka zama ɗaya. An sa hannu kan yarjejeniyarta a 1993, ƙasashe 17 ne suke aiki da ita har da Nijar, babbar kotunta tana Abijan. Abin da kika karanta da dare shi za ki tarar kan teburinki da safe, kuma malamin da ke Dakar ko Yawunde doka ɗaya kuke dubawa da shi.

Kuɗi kuma ki lissafa shi duka, ba na rajista kaɗai ba. Kowane yuro dubu ɗaya ya haura jika 655 na sefa. Ki tambaya ko jarrabawa da kare kundin bincike ta kwamfuta ake yi ko sai an je, domin in sai an je, akwai kuɗin jirgi da biza da masauki da ba a rubuta a talla ba. In ta kwamfuta ce, ki tuna da bazara, lokacin da zafi ke tsananta wuta tana yawan ɗaukewa. Ki tanadi batiri da layin waya na biyu tun yanzu, ki riƙa sauke darussa kina ajiyewa, ki kuma ji daga bakinsu me suke yi wa ɗalibin da intanet ta yanke masa ana tsakiyar jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An ce taura biyu ba ta taunuwa, ke kuwa uku za ki haɗa: aiki, gida da karatu. Za ta taunu in kin yanka wa karatun lokacinsa kin hana kowa taɓawa. Ni da zan sake, bayan sallar asuba zan zaɓa, kafin gida ya tashi, domin mai dawowa daga aiki da yamma gajiya ce take karanta masa littafi. Ki zauna da maigidanki ku yi maganar nan a fili, ya san cewa shekara biyu ce da za ta rage masa wasu abubuwa, ya amince da bakinsa, kada ya wayi gari ya tarar da ita. Bukukuwa da yawa za su wuce ki, za a kuma yi magana. Ki aika gudummawa, ki ba da haƙuri. Ki nemi mutum biyu ko uku masu irin karatunki a Yamai ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako, ko don a sami mai tambayarki ina kika kwana. Abin da na rasa ke nan.

Akwai kuma abin da allon kwamfuta ba zai ba ki ba. Shekara talatin na yi ina rubuta abin da ake faɗi a kotu, kuma mafi yawan abin da na sani a nan na tsince shi: yadda shaida ke sauya murya in an zo inda yake ɓoyo, yadda tafinta kan rage nauyin magana ko ya ƙara mata, yadda lauya nagari ke yin shiru a inda wani zai yi ta zuba. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Ko sau ɗaya a wata ki nemi izini a wurin aiki, ki je kotun kasuwanci ta Yamai ki zauna a bencin baya da littafinki.

In lokacin kundi ya zo, kada ki ɗauko batun da ke cikin littattafan wasu ƙasashe don kawai kayan aikinsa sun fi sauƙin samu. Dubi ƴan kasuwar albasa na Galmi, masu loda manyan motoci zuwa Abijan da Akara bisa kalmar baki da amana, sau da yawa ba tare da ko guntun takarda ba. Dokar OHADA ta yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, to yaya abin yake kasancewa in bashi ya maƙale, shaidar da ke hannu kuma saƙon murya ce a salula? Wannan tambaya ce da za ki iya bin ta da Hausarki, malaminki kuwa ba zai iya ba. Kuma ki rubuta shi da hannunki. Na ji akwai masu rubuta wa ɗalibai kundi a biya su, akwai ma manhajojin da ke yi. Ranar da matar da aka cinye wa jari ta zauna gabanki tana jiran ki gaya mata haƙƙinta, babu ɗaya daga cikinsu da zai kasance a ɗakin.

In amsoshin makarantun sun zo, ki turo wa ƙaninki ya buga mini, mu duba tare kafin ki zaɓa. Kuɗin shekarar farko na ɗauki rabi, daga abin da aka samu na albasar bana, kuma kada ki yi mini gardama a kai. Mahaifiyarki ta ce in gaya miki za ta zo ta riƙe yaran a makonnin jarrabawa, ki dai sanar da ita da wuri. Tana gaishe ki, ƴan'uwanki duka suna gaishe ki. Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki, ki shafa mini kan yaran. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Tawa.