Wasiƙa daga Damagaram: Zauna Inda Kake

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu ma nan Birni lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa. Innarka ta samu sauƙin ƙafar, har ta fara fita tsakar gida da sanda.

Saƙon muryar da ka turo daren Juma'a sau uku ta kunna mini shi. Ka ce jami'arku a can Amurka ta mayar da yawancin darussan zango mai zuwa ta intanet, don haka kana so ka saki ɗakin haya, ka dawo gida ka riƙa bin karatun daga nan. Ita murna ta kama ta, har ta sa an share ɗakinka an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ni kuwa ban runtsa ba. Na san tausayinmu kake ji, kana ganin kuɗin haya yana cin mu. Allah ya yi maka albarka. Amma ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Bizar da ke cikin fasfo ɗinka, F-1, an ba ka ita ne bisa sharaɗin kana zaune a Amurka kana shiga aji da ƙafarka. Mai neman digirin farko sai ya ɗauki aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin darussa ke nan) a kowane zango, kuma a cikinsu darasi ɗaya tak, wanda bai wuce kiredit 3 ba, aka yarda a lissafa masa in ta intanet yake. Sauran 9 dole sai a gaban malami. Wannan lissafi bai shafi ko laifin wa ba ne. In jami'a ce ta sauya tsari, kai ne za a tambaya, ba ita ba.

Na ji ka ce ai wasu sun yi haka a baya ba abin da ya same su. Gaskiya ne, amma lokacin korona ne. A watan Maris na 2020 aka sassauta dokar saboda an rufe makarantu. Ko a lokacin ma, ka tuna abin da ya faru: ranar 6 ga Yuli hukumar shige da fice ta ICE ta wayi gari ta ce duk ɗalibin waje da karatunsa ya koma intanet gaba ɗaya ya tattara ya bar ƙasar, ko ya sauya makaranta. Sai da jami'o'in Harvard da MIT suka kai ƙara kotu a Boston, sannan gwamnati ta janye ranar 14 ga watan. Kwana takwas kenan iyaye a duniya suna zaune da zuciya a hannu. Kana makarantar sakandare a lokacin, ni kuwa a rediyo na bi labarin, ina shan shayi a ƙofar gida, ban san wata rana zai zama nawa ba. Wancan sassauci ya ƙare tun watan Mayun 2023. Kada ka gina shawararka a kan abin da ya riga ya wuce.

Sai kuma zancen dawowa. In ka wuce wata biyar a wajen ƙasar, rajistarka ta SEVIS, wato kundin da gwamnatin Amurka ke rubuta ɗaliban waje, na iya mutuwa. Sai sabuwar takardar I-20, wadda jami'a ke bayarwa don shaida kai ɗalibinta ne, sai sake biyan dala 350 kuɗin rajistar, kuma wataƙila sai sake neman biza. Ka manta yadda muka samo ta farko? Tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, mun kwana muna jijjiga a mota, takardunka a cikin leda ka rungume a ƙirji don gudun ƙura. Filin Zango da na sayar, ban taɓa yi maka gorinsa ba kuma ba zan fara yau ba, amma ba ni da na biyu. Ga shi yanzu ƙofar ta ƙara ƙunci ga ɗan Nijar, kai ma kana jin labarai. Wanda ya fito ba shi da tabbacin komawa.

Ban ma kawo zancen wutar da ke ɗaukewa ba, da darasin yammarsu da zai same ka a tsakar dare.

Gobe Litinin, kafin ka taɓa komai, ka tafi ofishin ɗaliban ƙasashen waje, wurin jami'in da ke sa hannu a I-20 ɗinka. Ka nuna masa jerin darussanka ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaye shi wanne ake lissafawa na aji, musamman waɗanda ake raba su rabi a aji rabi a intanet. In ba su kai kiredit 9 ba, ya taimake ka ka musanya tun ba a rufe rajista ba. Abin da ya faɗa maka, ka roƙe shi ya turo a rubuce, ka adana. Maganar abokai a WhatsApp ba za ta tsaya maka a gaban hukuma ba.

Kuɗin haya bar mini shi. Kawunka ya ce zai kama mini na wata biyu, sauran kuma fanshona zai ɗauka. Innarka ni zan lallashe ta, amma ka kira ta ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu, lokacin ne take zaune. Ƙannenka suna gaishe ka. In ka fito daga ofishin, ka sanar da ni abin da aka ce ko da dare ya yi.

Mahaifinka