Mama, wadar zuci ce nake da ita ko gajiya ce kawai?

Mama barka da aiki, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina jin shirinki kowane mako, ban taɓa zaton nima zan rubuto ba, amma tun ranar Lahadi ban yi barcin kirki ba.

Ni malamar firamare ce a Zariya, shekara 16 ina koyarwa, yara huɗu, maigidana gyaran babur yake yi. A Wusasa aka haife ni, can aka yi min baftisma, kakanmu yana cikin Hausawan da suka karɓi bishara tun zamanin mishan, na faɗi haka ne don ki san ba jiya na fara bin Ubangiji ba. Ina zumuntar mata, ni ke riƙe kuɗi, ko sisi bai taɓa ɓata a hannuna ba, zakkata kuma ina fiddawa ko albashi ya makara.

Toh ƙanwata ce ta zo daga Abuja sujadar godiyar kaka, da motarta, ta ba da baiko mai kauri har aka tafa mata. Allah ya sani ban ji ƙyashi ba. Mun dawo gida muna cin tuwo, a gaban yarana ta ce Yaya har yanzu gidan haya? wai da bangaskiyata ta kai da tuni na fita, wai talauci la'ana ne, in bincika akwai zunubin da ban tuba ba. Yarinyar da na goya fa Mama! ni na biya mata kuɗin jarabawa lokacin da Baba ya rasu, dama ita tun tana ƙarama bakinta ba linzami.

Na ce mata Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, a sura 4, cewa ya koyi zama da wadar zuci ko a ƙoshe ko da yunwa. Ta yi dariya ta ce to Ibrahim fa, Ayuba fa, ba ninki biyu Allah ya mayar masa ba? Na yi shiru.

Amma gaskiya ba maganarta ce ta hana ni barci ba. Da dare na buɗe Littafi Mai Tsarki wajen ayar nan, sai na ga na jefe ta da ita ne kawai, ni kaina rabon da in ji daɗinta na manta. Da can ko garin kwaki muka sha in na yi addu'a ina kwanciya da salama. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, a coci ana waƙa bakina ne ke motsi, zuciyata na kan kuɗin haya da na makaranta. Na manta ban faɗa miki ba, babban ɗana ya daina zuwa sujada tun Ista, ya ce me bautar ta tsinana mana, kuma yana zaune a wurin lokacin da ta yi maganar nan, ina kallonsa yana gyaɗa kai.

Yanzu ta turo min saƙo a WhatsApp wai in zo addu'ar dare a cocinsu in shuka iri, wato in ba da kuɗi don Allah ya ninka min, maigidana ya ce kar in kuskura. In je ne ko in daina ɗaga wayarta? Kuma shirun da na yi shekarun nan ina cewa na gode Allah, ta yaya zan gane ko wadar zuci ce ta gaske? Yaron nan kuma me zan ce masa? Don Allah kar ki ce in je wurin fastonmu, matarsa ƙawar ƙanwata ce.

'Yarki cikin Ubangiji, daga Zariya