Tsohon soja, nemi kwafin fayil ɗinka kafin ka kai koke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da tsofaffin sojojinmu na Katsina da Daura. Da yawa cikin masu kukan fansho ya tsaya ko giratuti bai cika ba, ba su taɓa ganin abin da ke rubuce a fayil ɗinsu ba, alhali a can matsalar take kwance.

Fanshon soja ba ya hannun kamfanonin fansho. Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja ce ke biya, tarihin aikin sojan ƙasa kuwa yana ofishin adana bayanan soja a Lokoja. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman kwafi ba sai ka faɗi dalili ba.

Rubuta wasiƙa gajera zuwa ga ofishin da abin ya shafa cikin waɗannan biyun. Sa sunanka yadda yake a takardar sallama, lambarka ta soja, muƙamin ƙarshe, bataliyar da ka bari, ranar shiga da ranar fita. Sannan ka ambaci abin da kake so ɗaya bayan ɗaya: lissafin giratuti, lissafin fansho, takardar magaji, asusun bankin da ke rubuce. Kada ka ce "a duba mini lamarina", wannan roƙo ne, kuma roƙo ba shi da wa'adi. Yi kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da ita gida. Daga ranar da suka karɓa, doka ta ba su kwana 7 su ba da amsa, suna iya ƙara wasu 7. Kuɗin kwafi kaɗai za a karɓa. In sun hana, sai sun rubuta dalili, kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Wanda bai iya rubutu ba, wani na iya nema a madadinsa. Doka ta yarda a ɓoye sirrin tsaro, amma a ganina lissafin fanshon mutum ba ya cikin wannan.

In fayil ya zo, fara da suna. Mamman a takardar sallama, Muhammad a NIN, Muhammadu a BVN: mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba, sai tantancewa ta cije. Duba shekarar haihuwa. Duba ko ƙarin girma na ƙarshe ya shiga, don wani saje da kuɗin kofur ake lissafa masa.

Wanda ya fi ciwo shi ne magaji. Saurayi ya shiga soja ya rubuta mahaifinsa ko yayansa, ya yi aure ya hayayyafa bai sauya ba. Ranar da ta Allah ta kasance, matarsa na takaba, sunanta babu a ko'ina. A gyara wannan tun mai fayil na da rai. Takardun asali kuma kada a miƙa wa kowa, kwafi ake bayarwa.

Naka,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina